Kafin 'yar Muchalla ta sa farin kaya

A watan Satumbar 2025 ne Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ɗalibai ke ce wa Kansul, ta soke wata tsohuwar doka da ta daɗe tana hana iyaye barci. A da, in ɗalibi ya zauna jarrabawar samun lasisi sau uku bai ci ba, shi ke nan, sai ya tattara nasa ya nasa ya koma gida, shekarun da ya shafe a makaranta sun bi ruwa. Yanzu an ce ya ci gaba da maimaita ɓangaren da ya faɗi har Allah Ya ba shi sa'a, muddin yana nan a makaranta, yana halartar aji da aikin asibiti aƙalla kashi 80 cikin 100.

Ina tare da wannan gyara. Amma na ji yadda wasu iyaye a yankinmu na Mubi suka fassara shi, wai an sauƙaƙa karatun nas, kowa ya tura 'yarsa. Ba a sauƙaƙa komai ba. Makin ci yana nan 50 ɗinsa, tambayoyin ma suna nan da zafinsu. Abin da ya canja shi ne, a da faɗuwa tana da ranar ƙarewa, yanzu kuwa tana iya zama kuɗin da za a yi ta biya duk bayan wata shida, tun da a watan Mayu da Nuwamba ake zama ta aikin jinya, ta ungozoma kuma Maris da Satumba. Ga mai albashi a Jimeta wannan dama ce. Ga manomin da ke Muchalla, can gindin duwatsu kusa da iyakar Kamaru, wanda duk abin da zai kashe a shekara daga buhunan gyaɗa da wake da dawa yake fitowa, zama na biyu akuya ce, na uku saniya.

Wani dattijo da 'yarsa ta faɗi zaman farko ya ce da ni, "Malam, yarinyar nan fa ba ta wasa. In ta zo hutu, har zakara ya yi cara tana kan littafi." Na yarda da shi. Yawancin 'ya'yan karkara da ke faɗuwa ba ragwaye ba ne. Faɗuwarsu ta fara ne tun shekaru kafin su ga ƙofar ɗakin jarrabawa.

A tuna cewa a ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi. Mutanen Mubi ta Arewa, daga Vimtim zuwa Muchalla da Bahuli, wasu suka hau dutse, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka yi Yola. An ƙwato garin cikin makonni, amma makarantun ƙauye ba su farfaɗo cikin makonni ba. Yaran da suke aji uku ko huɗu na firamare a lokacin, daidai shekarun da ake kama lissafin rabawa da karatun Turanci, su ne yau suke gaban kwamfuta suna amsa tambayoyin Kansul. Da wannan giɓin suka shiga sakandare, inda da yawansu suka gama ba su taɓa ganin an haɗa sinadari a ɗakin gwaji ba. Ga shi kuma kafin a ɗauke ka karatun jinya sai kana da kiredit biyar, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. Kowa ya san yadda wasu ke samo waɗannan biyar ɗin, a cibiyoyin da ake rubuta amsa a kan allo. Iyaye su biya, takarda ta fito fes, a yi murna. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata shida da shiga makarantar jinya akwai jarrabawar tankaɗe da ake kira PTS, bayanta kuma ga ta share fage da makaranta ke yi kafin ta gabatar da sunanka ga Kansul. Wanda ya lallaɓa ya tsallake waɗannan da hadda, a babbar jarrabawar Kansul yake karo da bango.

Babbar kuwa a kwamfuta ake yin rubutaccen ɓangarenta. Yarinyar da ta tashi a gidan da wayar Baba ce kaɗai na'ura, ita ma sai an kai ta caji shago, tana ɓata mintuna masu tsada wajen neman inda za ta danna, ga agogo a kusurwar allo yana ta raguwa. Sannan salon tambayar kansa. Ba a cika cewa ka kawo ma'anar abu ba. Za a ba ka labarin mai jego da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, a jera maka matakai huɗu, duk huɗun daidai ne, a ce wanne za ka fara. Mai hadda ya san duka huɗun, kuma a nan zai tsaya yana zufa. Wanda ya tsaya a ɗakin haihuwa da idonsa buɗe, ya ga sista ta kai hannu ta murza mara tun kafin ta ɗaga murya a kawo allura, shi ba ya ma gama karanta zaɓin. Yarinyar Muchalla kuma tana yin wannan duka ne da Turanci, harshenta na uku ko na huɗu, bayan Fali da Hausa, wata ma da Fulatanci.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne ɓangaren gwajin aiki, wanda suke kira OSKI. An shirya tebura a jere, kowanne da aikinsa. A kaɗa ƙararrawa ka shiga, a sake kaɗawa bayan 'yan mintuna ka matsa gaba ko ka gama ko ba ka gama ba. Mai dubawa yana zaune da takardarsa, ba ya ce maka uffan, sai dai ya yi ta saka alama. Ka yi sallama ga majiyyaci? Alama. Ka faɗi sunanka, ka bayyana masa abin da za ka yi, ka nemi izininsa? Alama. Ka ja labule, ka wanke hannu? Alama. Kuma sau da yawa majiyyacin nan mutum-mutumin roba ne, amma dole ka yi masa magana da ƙarfi yadda za a ji. Yanzu a dubi yarinyar da aka raina a kan cewa ba a ɗaga ido gaban babba, ba a ɗaga murya gaban baƙo. Hannunta ya fi na kowa iya aiki, ita ta yi jinyar kakarta, ta san yadda ake juya mara lafiya ba a fama masa ciwo ba. Sai ta shiga ta yi komai daidai, bakinta ƙunshe, kanta a sunkuye, makin ya zube. Kunyar da ake yabonta da ita a gida ita ce ta kayar da ita. Wannan kuwa abu ne da makonni kaɗan na gwaji a gaban mutane za su gyara, in an samu mai kula.

Wani zai ce to a sassauta wa 'yan karkara mana. A'a. Ga misali guda daga irin lissafin da ake tambaya. Likita ya rubuta a ba mara lafiya ledar ruwa mai mililita 500 cikin awa 4, igiyar kuma ɗigo 20 ke yin mililita guda. Ɗigo nawa a minti? Kusan 42. Wanda ya ruɗe ya sake shi ya zuba da gudu a jikin ƙaramin yaro ko tsoho mai ciwon zuciya, ruwan nan huhu zai taru. A babban asibitin Yola akwai wanda zai wuce ya lura ya rage. A ƙaramin asibitin ƙauye, da tsakar dare, da fitilar waya, babu kowa sai ita. Mutumin Muchalla ya fi mutumin birni buƙatar nas ɗin da ta ci jarrabawarta da guminta.

Shi ya sa ma nake jan kunnen iyaye game da makarantun bogi da suka yi yawa a ƙasar nan, masu ɗinka wa yara farin kaya tun makon farko. Tambaya ɗaya ce za ka yi: Kansul ta amince da makarantar, kuma an yi wa 'yata rajista an ba ta lambarta? In babu wannan lamba, ko shekara goma ta yi ba za ta zauna jarrabawar ba. Ƙarshenta tsaron kyamis da yin allura a ɓoye.

Me ya rage? Mubi ba ta rasa kayan aiki ba. Ga Jami'ar Jihar Adamawa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a cikin gari, duk da ɗakunan kwamfuta. Mene ne wahalar ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa ta nemi a riƙa buɗe wa 'ya'yanta masu karatun jinya ɗaki guda lokacin hutu, su yi ta gwada amsa tambaya da agogo a gabansu? Ga tsofaffin sistoci da suka yi ritaya daga babban asibitin Mubi suna zaune a gida da ilimin shekara talatin a kansu. A ba su ɗan abin mota su jera tebura a ajin firamare, su kaɗa ƙararrawa, su sa yaran nan magana har muryarsu ta saba. Ƙungiyoyin ci gaban gari da majami'u da masallatai da ke iya tara kuɗin biki da na gini, za su iya tara kuɗin rajistar yara biyu ko uku a shekara. Akwai ma shirin ungozoma da jinya na karkara mai shekara biyu da Kansul ta amince da shi, wanda aka tsara don al'umma ta zaɓo 'yarta, a horar da ita, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Kansilan mazaɓar Muchalla ya kamata a ce yana da sunayen duk 'yan mazaɓarsa da ke makarantar jinya a aljihunsa, da watan da kowa zai zauna.

Na san amsar da za a ba ni: mu sha wahala mu horar, su ci, su gudu. Ba ƙarya ba ne. A farkon 2024 magatakardar Kansul na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, har Kansul ta gindaya sharaɗin sai ka yi aikin shekara biyu kafin a tantance maka takardun fita, ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Amma wa ya fi kusa da zama a Muchalla? Wadda aka turo daga wata jiha, da ke ƙirga kwanakin neman canjin wurin aiki tun ranar da ta sauka daga mota, ko wadda uwarta ke tsallaken rafi, wadda tsohuwa za ta gaya wa inda ke mata ciwo da Fali ba sai an nemo tafinta ba? A rubuta yarjejeniya a gaban dagaci, mun biya miki, ki ba mu shekara uku. A kuma tabbatar jihar ta ɗauke ta aiki da albashi, don akwai masu lasisi a hannu da ke aikin sa-kai shekara da shekaru, ana sallamarsu da kuɗin sabulu. Wannan ɓangaren na Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ne da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma zan dawo kansa a wani makon.