Kalmar Mako: Intimidate

Kalmarmu ta wannan mako ita ce intimidate, wadda yawancinmu muke fassarawa da "tsorata" kawai. Fassarar daidai ce, amma ba ta ɗauko ma'anar duka ba.

Mu fara da asalinta. Kalmar ta shigo Turanci a ƙarni na 17 daga harshen Latin. A can, timere na nufin jin tsoro, timidus kuwa matsoraci. Da aka ɗora in- a gaba, sai ta zama "sanya wa mutum tsoro a zuciya". Daga wannan tushe timid ta fito. Duk wanda ya raba kalmar gida uku, in, timid da ate, ba zai yi kuskuren rubuta ta ba.

Mene ne bambancinta da frighten da scare? Ta farko daga fright ta tsohon Turanci take, ta biyu kuma daga harshen mutanen Sikandinabiya na dā. Dukansu firgici ne na nan take, kamar wanda ya yi kiciɓis da maciji a hanya. Ita kuwa intimidate galibi tsoro ce mai manufa: a razana ka don ka yi abin da ba ka so, ko ka yi shiru. Shi ya sa take yawan tafiya da into. Misali: "The senior intimidated him into washing his clothes", wato babban ɗalibi ya yi masa barazana har ya wanke masa kaya.

Tana da wata fuska. Idan aka ce mutum ko wuri intimidating ne, ana nufin yana da kwarjinin da ke karya gwiwa, ko da babu mugun nufi. Ɗakin jarrabawar WAEC intimidating ne, ɗalibin da gabansa ya faɗi kuma intimidated. Kada mu musanya su, kuma kada mu ruɗa kalmar da intimate, wadda tushenta daban ne.

Amfanin wannan kalma bai tsaya ga jarrabawa ba. Abin da wasu manya ke yi wa ƙanana a ɗakin kwana da sunan "horo", sunansa na gaskiya intimidation. Wanda ya san sunan abu ya fi iya kai ƙararsa wurin malami.

Aikin gida: ku gina jimla biyu, ɗaya da intimidating, ɗaya da intimidated. Sai mun haɗu mako mai zuwa.