Gidan da Ya Cinye Mai Shi

Kimanin kilomita 55 kudu maso gabashin birnin Paris, kusa da garin Melun, akwai wani katafaren gida da ake kira Vaux-le-Vicomte. Da wuya mutum ya karanta wani abu a kansa ba a ba shi labari guda ba. Wai a daren 17 ga Agusta, 1661, mai gidan, Nicolas Fouquet, ya shirya wa Sarki Louis na 14 liyafar da ba a taɓa ganin irinta ba. Wai sarkin, matashi ɗan shekara 22, ya ga baransa ya fi shi muhalli, hassada ta turnuƙe shi, kafin mako uku ya cika ya sa aka kama shi. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya daɗe. Sai dai a ganina ya wanke mutanen biyu fiye da yadda suka cancanta: ya mayar da Fouquet wanda aka zalunta saboda ya san abu mai kyau, ya mayar da sarkin yaro mai ƙyashi kawai, ya kuma ɓatar da tambayar kuɗin wa aka kashe.

Tun 1653 Fouquet ke riƙe da muƙamin babban mai kula da kuɗin masarautar Faransa. A lokacin ana tsakiyar yaƙi da Sifaniya, yaƙin da bai ƙare ba sai 1659, baitulmali kuwa kullum wayam. Attajirai sun daina yarda da alkawarin sarki tun bayan da masarautar ta kasa biyan basussukanta a 1648. Don haka ma'ajin ne ke ciwo bashi da sunansa, ya ranta wa sarki, a biya shi da ruwa mai tsoka. A irin wannan tsari, aljihun mutum da na ƙasa sukan haɗe har shi kansa ba zai iya rantsuwa kan inda wannan ya tsaya wancan ya fara ba. Ba Fouquet ya ƙirƙiro shi ba. Ubangidansa, Kadinal Mazarin, ya mutu ya bar dukiyar da ta ninka tasa. Amma ya ci moriyar tsarin, kuma bai ɓoye ba. Tambarin gidansu kurege ne, takensa kuwa tambaya ce da Latin mai nufin ina ne ba zai hau ba.

Abin da ya yi da kuɗin shi ne abin da har yau ke hana a yi masa hukunci da sauƙi. Ya haɗa mutum uku a aiki ɗaya: Louis Le Vau mai tsara gini, Charles Le Brun mai zane da ƙawata ɗakuna, da André Le Nôtre mai tsara lambu. Salon da ake kira barok, wanda ya taso daga Italiya, salo ne da ke son ya razana mai kallo, ya sa shi jin ƙanƙanta a gaban girma. A Vaux an yi masa linzami irin na Faransawa: gida, lambu da daji duka an ɗora su a kan miƙaƙƙen layi guda, ta yadda wanda ya tsaya a ƙofar shiga idonsa zai ratsa tsakiyar ginin ya faɗa cikin lambun har inda gani ya ƙare. Le Nôtre ya yi wasa da ido. Tafkunan da ke nesa ya yi su manya fiye da na kusa, sai komai ya zama kamar yana gab da kai alhali akwai tafiya. Wata doguwar hanyar ruwa da ta gitta lambun kuwa, wadda aka juyo ƙoramar Anqueil cikinta, ba a ganinta sam daga gidan, sai ka iso bakinta ta tare maka hanya. Wanda ya ce wannan ba fasaha ba ce bai yi gaskiya ba.

Amma kafin a shimfiɗa wannan layi, sai da aka saye ƙauyuka uku aka rushe su. Wannan jimla takan zo a cikin tarihin gidan a gurguje, kamar bayanin yanayin ƙasa.

Batun hassada kuwa, kwanan wata ne ke ƙaryata shi. Mazarin ya rasu a watan Maris na 1661, sarki ya ce daga yanzu shi zai riƙa mulki da kansa ba tare da waziri ba. Jean-Baptiste Colbert, wanda ya yi shekaru yana kula da dukiyar Mazarin ta ƙashin kansa, ya san duk inda aka binne gawa, ya kuma san cewa ɗora laifin ɓarnar shekarun nan a kan mai rai ya fi tono na mamaci sauƙi. An yanke shawarar kawar da Fouquet watanni kafin liyafar. An ma lallaɓa shi ya sayar da muƙaminsa na babban mai gabatar da ƙara a majalisar shari'a ta Paris, muƙamin da ke kare shi daga kotu ta musamman. Ga kuma tsibirin Belle-Île da ya saya yana ƙarfafa ganuwarsa, abin da ba zai yi wa sarkin da ya ga tawayen manyan ƙasa a ƙuruciyarsa daɗi ba. Ke nan Louis ya ci abincin Fouquet, ya kalli wasan kwaikwayon da Molière ya shirya don daren, ya kalli wasan wuta, duk yana sane. Ranar 5 ga Satumba aka kama shi a Nantes. Wanda ya kama shi shi ne d'Artagnan na gaske, sojan da daga baya Alexandre Dumas ya mayar jarumin littafi.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara uku, kuma ba ta yi tsabta ba: an zaɓo alƙalai, an taɓa takardu. Duk da haka, a Disamba 1664 alƙalai 13 suka zaɓi a kore shi daga ƙasar, 9 kawai suka nemi a kashe shi. Al'ada ita ce sarki ya sassauta hukunci. Wannan ya tsananta shi zuwa ɗaurin rai da rai. Fouquet ya mutu a kurkukun Pignerol, cikin tsaunukan Alps, a 1680. Masu tausaya masa, irin su La Fontaine da ya ci arzikinsa da Madame de Sévigné da ta bi shari'ar a wasiƙunta, suna da hujja a nan. An zalunce shi a hanyar hukunci. Wannan bai sa hannunsa ya zama mai tsarki ba.

Abin da ya fi tona asirin lamarin shi ne abin da ya biyo baya. Da ɓarnar dukiyar jama'a ce ta ɓata wa sarki rai, da an ga tsimi. Maimakon haka aka kwashe dardumomin bango, mutum-mutumi da itatuwan lemo zuwa gidajen sarki, aka mayar da masaƙan da Fouquet ya tara a ƙauyen Maincy zuwa masaƙar Gobelins a Paris. Le Vau, Le Brun da Le Nôtre kuwa aka tura su Versailles su yi abin da suka yi a Vaux, a ninka shi sau da yawa. Laifin Fouquet a idon sarki ba almubazzaranci ba ne, shiga hurumin da sarki ke ganin nasa ne shi kaɗai. Manomin da ke biyan harajin ƙasa da na gishiri, wanda manyan gari ke da hanyoyin kauce musu, bai ga sauyi ba. A shekarar liyafar ma amfanin gona ya lalace, yunwa mai tsanani ta ratsa Faransa har cikin 1662.

Gidan ya tsira. Daga iyalan Fouquet ya koma hannun Marshal Villars a 1705, sannan dangin Praslin, ya yi shekaru a yashe, har Alfred Sommier, attajirin da ya yi kuɗi da sarrafa sukari, ya saye shi a 1875 ya farfaɗo da shi. Zuriyarsa, iyalan de Vogüé, suka buɗe shi ga jama'a a 1968, kuma har yau a hannunsu yake. A daren Asabar na lokacin zafi sukan kunna kyandir kusan 2,000 don tuna wancan dare. Ba na ƙin wannan, kuma ba na cikin masu ganin ya kamata a ji kunyar sha'awar wurin. Abin da nake so shi ne a riƙa ba ƙauyukan nan uku da yunwar 1662 wuri a cikin labarin daidai da wanda ake ba wasan wuta.

A tsakiyar ginin akwai babban zaure mai siffar ƙwai, da ƙubba a samansa. Le Brun ya tsara zai zana fadar rana a cikinta, da kuregen mai gidan a can ƙololuwa. An kama Fouquet kafin ya fara.