Mai karatun Hausa a Nijar ya kamata ya san lissafin sule da sisi

A Maraɗi ko Damagaram, idan mutum ya ce ba shi da ko sisi, kowa ya fahimce shi. Amma a tambayi ɗalibin nazarin harshe sisi nawa ne ke cikin sule, sai a ji shiru. A ganina wannan giɓi ne a karatunmu.

Lissafin na Ingila ne. Kafin 15 ga Fabrairu 1971, fam guda sule 20 ne, sule guda kuwa kwabo 12, wato fam kwabo 240 ke nan. Sisi rabin sule ne, kwabo 6. Taro rabin sisi ne, kwabo 3, nai kuma kwabo 9, sisi da taro a haɗe. Mai ganin tsarin ya cika wahala ya lura cewa sule na rabuwa gida biyu, uku, huɗu ko shida ba tare da saura ba, abin da goma ba ta iyawa. Faransa ma da irin wannan lissafi na 20 da 12 ta yi amfani kafin ta koma ga faran a 1795.

Turawan mulki suka kawo tsarin Nijeriya, Hausawa suka raɗa wa kowane kuɗi suna. Rabin kwabo ya zama ɗari, sunan da ya gado daga ƙirgar wuri. A ƙasansa akwai anini, ɗaya bisa goma na kwabo, mai huda a tsakiya, wanda babu irinsa a Ingila kanta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, wancan kwabon take nufi, ba na naira ba.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne kalmar dala. A wurinmu dala faran 5 ce, da ita muke ƙirga har yau a kasuwa. A Kano ta wancan zamani kuwa sule 2 ce, wadda ake kuma ce wa fataka. Ɗalibin Tawa da ya ci karo da sadakin dala goma a tsohon rubutun Nijeriya zai ɗauka faran 50 ake nufi, alhali fam guda ne cur. In ya fassara haka zuwa Faransanci, ya mayar da mai hali matsiyaci.

Wasu abokan karatu na cewa kuɗin da ya mutu ba aikin masanin harshe ba ne. Ban yarda ba, domin kalmomin ba su mutu tare da shi ba. Da naira ta shigo a 1973 an canza fam guda da naira 2, sule da kwabo 10 sabo, kuma mutane suka daɗe suna kiran naira 2 fam. Ƙamus da za a yi wa ɗaliban Nijar ya kamata ya ba da darajar kowace kalma, da ƙasar da aka yi amfani da ita, da shekarun. Rubuta "ƙaramin kuɗi" a gaban taro, sisi da anini duka bai raba su ba, ga shi kuwa sisi guda anini 60 ne.