Fim Ɗin Da Bai Ce Uffan Ba

Masu cewa fim in babu magana ba fim ba ne, ku zo mu yi ta. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da labarin Yarima Ahmad, wanda ta tsakuro daga Dare Dubu Da Ɗaya. Shekara uku tana yanka kwali da almakashi, tana motsa inuwoyi a gaban kyamara.

Ku nuna wa yaro a Karaye ko Rogo dokin nan mai tashi sama, ku ga ko zai nemi fassara. Mu da muka sha tatsuniya a gindin aci-balbal, inuwa ba baƙuwarmu ba ce.

Ba mu wanke matar tas ba. Mugun bokan labarin ɗan Afirka ne, ta zana shi yadda Turawan zamanin suka saba muzanta mu. Wannan kam ya ruɓe. Aikin hannun ne bai tsufa ba.

Yau masu turi sun cika mana wayoyi da finafinan fassara, mai fassara yana ta zuba ko numfashi ba ya yi. Furodusoshin Kannywood, Gizo da Ƙoƙi fa? Ko almakashi ne ya yi tsada?