INA ZA MU KAI TSOHONMU IN GIGIN TSUFA YA KAMA SHI?

Wanda ya iya karatu, don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi. A kuma kira matan gida su matso bakin zaure, gama wannan magana tasu ce kafin ta zama ta kowa.

Zaɓe ya matso. Kun ji masu neman ƙuri'a suna ta zancen taki da hanya da rijiyar burtsatse. To, madalla. Amma akwai wanda ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, ba a ambatonsa a filin taro, watau tsohon da gigin tsufa ya kama. Kun san shi. Ya ci tuwo yanzu, ya ce ba a ba shi ba. Ya sallame salla, ya sake tayar da ita. Ya kira jikarsa da sunan matarsa da ta rasu. Ya fita da asuba wai za shi gona, gonar da aka sayar tuntuni, sai an bi sawu a same shi a bakin rafi.

CIWO NE

Ku riƙe wannan tukuna: gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda tari yake ciwon ƙirji. Ba maita ba ce, ba kuma iskanci ba ne. Tsohuwar da ta kwana tana sambatu ba ta ci kurwar kowa ba. Ƙwaƙwalwarta ce take lalacewa sannu a hankali. Irin da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a shekarar 1906. Wani irin kuma hawan jini ke jawo shi, ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa a ƙasashen da ba masu arziki ba, irin tamu.

Har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Duk wanda ya ce ku kawo rago da kuɗi zai kore shi cikin kwana bakwai, aljihunku ya hango. Amma in an kula da hawan jini da ciwon suga da wuri, an bar taba, ana rage haɗarin kamuwa. Sai kuma wannan: in tsoho yana lafiya lau jiya, yau ya wayi gari a ruɗe, kada ku ce tsufa ne. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi. Ku kai shi asibiti ran nan, galibi yakan dawo hayyacinsa.

INA ZA A KAI SHI?

In abin ya yi nisa, 'ya'ya sukan zauna shawara. Na birni ya ce akwai gidajen da ake biya a kula da tsofaffi. Wani ya ce a kai shi gidan gajiyayyu na gwamnati. Wani kuma ya rage murya ya ce ai akwai mai mari a gari kaza.

Gidan mari dai, ku yi masa nisa. Kun tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. In haka aka yi wa masu jini a jika, ina ga tsohon da ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba?

Sauran gidajen kuwa kaɗan ne, kusan duk a manyan birane, na kuɗi kuma sun fi ƙarfin manomi. Ba na zagin wanda ya kai mahaifinsa can. Akwai tsohon da ba shi da kowa, akwai kuma gidan da mai jinyar ita ma ta kwanta. Amma in ya zama tilas, gani ya kori ji. Ka tafi da ƙafarka, ba tare da ka aika cewa kana zuwa ba. Hancinka zai fara ba ka labari tun daga bakin ƙofa. Dubi shimfiɗa, a bushe take? Dubi wuyan hannu da idon sawun tsofaffin da ke wurin, akwai shaidar igiya? Dubi bayan wanda ke kwance, akwai gyambo? In ka tarar da su duka suna gyangyaɗi da hantsi, tambayi wane magani ake ba su, wane likita ya rubuta. Tsaya har lokacin abinci ka ga ko akwai mai zama ya ba wanda ba ya iya ɗaga ludayi. Tambayi mutum nawa ke kwana da su da dare, kuma ko mata ne ke yi wa mata wanka. Akwai mai tuna musu salla, ya kama musu alwala? A nuna maka takardar rajistar gwamnati, a rubuta maka kuɗin wata a takarda. In aka ce ba a ziyara sai ranar da suka ga dama, juya ka kama hanya.

Auna nisan wurin kuma. In ba za ka iya zuwa kowane mako ba, ya yi nisa. Mai wannan ciwo, in aka raba shi da ɗakinsa da muryoyin da ya saba ji, ruɗewarsa takan ƙaru.

WA KE ƊAUKE DA KAYAN?

Saboda haka yawancin tsofaffinmu a gida za su zauna, kuma nan ya fi musu. Addini ya ɗora mana, al'ada ta ɗora mana. Amma mu faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in an ce "gida na kula da shi", mace guda ce ke yi. Matar ɗa ce ko 'ya, ita ce wanki, ita ce ɗauke bayan gida, ita ce kwana ido biyu, ga girki ga goyo. Lokacin da nake koyarwa, na sha kiran sunan yarinya a rajista mako bayan mako ba ta nan, in na bincika sai a ce an zaunar da ita tsaron kaka.

Kai maigida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa. Na birni ya aiko da kuɗi, ya kuma zo da kansa. A rufe bakin rijiya, a kawar da ashana da maganin feshi. A sa masa 'yar takarda a aljihu mai sunansa da garinsu da lambar waya. In ya ce ba a ba shi abinci ba, kada a yi musu da shi, a miƙa masa ɗan kunu. Kada kuma a bar wani ya kama yatsansa ya dangwala a takardar sayar da gona.

DOKA TANA ABUJA, TSOHO YANA ƘAUYE

Yanzu ga inda ƙuri'arku ta shigo. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya matakin farko. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, ta fara aiki a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don masu rauni, har da tsofaffi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1958. To, ina tambayarku: wanne daga cikinsu ya taɓa yin sallama a ƙofar gidanku? Asibitocin ƙwararru suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri. Nawa ne kuɗin motar mutum uku zuwa can, da tsohon da ba ya zama wuri ɗaya?

Jam'iyyarmu ta yi alkawari huɗu, ku riƙe mu da su. Na ɗaya, a koya wa malamin asibiti na kowace mazaɓa gane wannan ciwo, a kuma auna wa tsofaffi jini da suga kyauta ranar kasuwa. Na biyu, ma'aikaciyar lafiya ta riƙa shiga gida-gida tana duba tsohon da ke kwance, tana koya wa mai jinya. Na uku, a kowace ƙaramar hukuma a buɗe wurin da tsoho zai wuni a kula da shi, ya koma ɗakinsa da yamma, mai jinya ta sami sararin numfashi. Na huɗu, duk gidan da ke ajiye tsofaffi sai da rajista da masu dubawa, wanda aka samu da mari a rufe shi, mai shi ya gurfana gaban alƙali.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, na kansila ne ko na majalisa ko na gwamna, ko da namu ne, ku tsayar da shi ku tambaye shi: me ka tanadar wa tsohon da ba ya gane 'ya'yansa? In ya amsa da sabulu da atamfa, kun san nauyinsa. Tsohon nan ba zai iya zuwa layi ba, watakila bai ma san ana zaɓe ba. Shi ya yi noman da kuka ci kuka girma. Ku adana katin zaɓenku, ku fito da sassafe maza da mata, ku dangwala wa jam'iyyarmu a madadinsa, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.