Moto yadda ya fito daga kwali, ko yadda mai walda ya maida shi?



Tun ranar da munka taɓo zancen gyaran babura a cikin shirinmu, saƙonni ba su tsaya ba. Samari na cewa mun ci musu fuska, dattawa kuma na cewa mun yi sanyi da yawa. Maganar rediyo iska ce, minti kaɗan ta wuce. Shi ya sa munka ce bari mu rubuta matsayinmu a nan, wanda ke da ja ya ja da hujja.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasar Kurfai da wuya ka ga moto da ya shekara guda yana nan yadda kamfani ya yi shi. Kuma babu laifi a ciki. Wanda ya zana waɗannan babura masu inji 125 ko 150 a Sin ko Indiya, mutum biyu ya lissafa, bisa kwalta, da ƴar jaka a baya. Bai taɓa ganin rairayin Dallol Boso ba. Bai san cewa in ka bar babbar hanyar RN25 da ta taso daga Yamai ta bi Baleyara ta iso Filinge, sauran tafiya taka ce da Allah: yashi nan, tsakuwa can, ga hawan dutse in za ka fita daga kwari. Bai san moton nan shi za ya ɗauki buhun hatsi, da jarkokin ruwa, da akuyar da za a kai kasuwar Lahadi ta Baleyara, kuma shi ɗin dai za ya kai mai naƙuda likita tsakar dare ba. A wurinmu moto ya gaji jaki, ya gaji amalanke, wani lokaci ma shi ne ambilas.

To wanda ya gyara motonshi don aikin ga, muna bayanshi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗauki misalin faifan haƙora na taya ta baya, wanda sarƙa ke ja, wanda masu gyara ke kira kuron. In ka sa wanda ya ɗara na kamfani girma, moto ya rage gudu bisa kwalta amma ya ƙara ƙarfin ja. Mai hanyar Shikal ko Tukunus da kaya a baya, wannan shi ne daidai da shi, don inji ba ya wahala wajen fita cikin yashi. Haka sa amortisar mai ƙarfi, da taya mai manyan haƙora, da ƙarfen da ke kare ƙafa in an faɗi. Ko rage iskar taya kaɗan kafin a shiga rairayi, wannan ilimi ne da ƴan kabu-kabunmu sunka koya da guminsu, babu shi cikin takardar kamfani.

Amma ko a gyaran aiki akwai inda ake wuce gona da iri, kuma nan muke son masu ɗaukar kaya su saurara da kyau. Ƙarfen ɗora kaya da ake ƙara ma tsawo har ya wuce tayar baya da kamu biyu, duk abin da ka ɗaura can ƙarshe yana ɗaga gaban moto. Tayar gaba ta yi sakayau, kan moto ya dinga rawa a hannunka, cikin yashi kuwa sai dai ka ga kanka ƙasa. Sannan ka ƙara amortisar, ka ƙara ƙarfe, ka ƙara buhu, amma burki yana nan yadda yake, na mutum biyu. Mai walda na iya ƙara maka wurin kaya. Ba ya iya ƙara maka burki. Tambayi duk makanike mai gaskiya a Filinge sau nawa aka kawo mai moto da ƙashin baya a tsage daidai inda anka yi walda.

Wannan ke nan. Ɗayan gyaran, wanda munka fi magana a kai, na a-gan-ni ne.

Yaro ya sayi moto sabo, ko ubanshi ya saida bijimi ya saya mai. Kafin sati ya kai shi gareji a huda salansa a fidda abin da ke cikinta, don a ji shi tun daga bakin gari. A cire madubai biyu, wai na tsofaffi ne. A sa ƙaramin kuron don gudu. A ɗaura fitilu masu launi, shuɗi da ja, da farar fitilar nan mai makantar da wanda ke zuwa gaba. Wasu har matatar iska suke cirewa, wai inji ya sha iska. Inji ya sha iska a Filinge, cikin hunturu? Ƙura za ya sha. Ƙurar nan kuwa in ta shiga, kamar ka sa takardar gurza ce tsakanin fistan da bangon silinda. Wata kaɗan moto ya fara hayaƙi, ya fara shan mai, ƙarfi ya tafi. Salansar da anka huda ita ma ba ta ƙara wani ƙarfin kirki. Ƙara take ƙarawa, kunne ya ruɗi mai shi ya ɗauka gudu ne. Abin da take yi na gaske shi ne ta ɓata ma'aunin iska da esansi da kamfani ya daidaita, inji ya dinga zafi fiye da ƙima, ga shi dama iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga ranar watan Afrilu. Daga nan sai a buɗe ma karbirato hanya don a gyara ɓarnar farko, esansi ya dinga tafiya. Gwamnati ta maido litar esansi daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yuli na 2024, dala ɗari ba tamma guda. Rangwamen da anka yi maka, kai da hannunka ka maida shi hayaƙi.

Gudu kuma lissafinshi ba ya da tausayi. In ka ninka gudunka sau biyu, tazarar da kake bukata kafin ka tsaya ninkuwa take sau huɗu. Mun koyi wannan a lakkol, amma saniyar da ta fito maka daga bayan geza ita ma tana koyar da shi.

Da a ce abin ya tsaya nan, da mun ce kuɗinka ne, motonka ne, ƙashinka ne. Wani saurayi ma haka ya aiko muna: ina ruwanku da abin da na saya da kuɗina? Tambaya ce mai kyau, kuma a wani gari da ta ishe mu. A Kurfai ba ta isa ba, kuma kowa ya san dalili.

Mu tuna. Ranar 10 ga Disamba 2019 anka kai hari barikin Inates, sojoji 71 sunka rasu. Ranar 25 ga wannan watan, kusa da Sanam nan arewa da mu, anka yi ma ayarin jami'an tsaro kwanton ɓauna. Ranar 9 ga Janairu 2020, Shinagodar, sojoji 89. Allah ya jiƙan su. Masu kai waɗannan hare-hare bisa babura suke zuwa. Daga 1 ga Janairu 2020 hukuma ta hana yawo da moto dare da rana a mafi yawan sassan jahar Tillaberi. Ba sai mun gaya muku abin da ya biyo baya ba, kun gani da idonku: ƴan kabu-kabu sun zauna, masu gyara sun rufe rumfa, masu saida esansi a kwalba sun kwashe tebur, samari da yawa sun kama hanyar Yamai ko ta ƙasashen gaɓar teku. Marar lafiya ya koma bisa amalanke. An ɗage dokar ranar 1 ga Satumba 2021, ba a cika wata biyu ba anka maido ta a wurare da dama. Maƙwabtanmu na Burkina Faso ma a 2022 sun dakatar da shigo da wasu nau'o'in babura da saida su, irin su Aloba da Sanili, saboda dalili guda.

Ma'ana, a ƙasar ga hawan moto ya zama abin da ake ba mu aro, ana iya karɓewa gobe da takarda ɗaya. Kuma ƙarar moto ta daina zama ƙarar moto kawai. Akwai ƙauyukan da in anka ji rugugin babura uku da dare, mata na ɗaukar yara su nufi daji kafin a san ko su wane ne. Mutanen da sunka baro garuruwansu na wajen Abala da Banibangu sunka zo sunka zauna cikinmu, kun taɓa kallon fuskar tsohuwarsu sa'ad da yaro ya wuce da hudaddiyar salansa yana murza wuta? Shi wasa yake. Ita abin da ta gudo ma ne ya biyo ta. Soja da ke tsaye bakin shinge cikin duhu, ya hangi fitila mai makantarwa tana zuwa da ruri, ba madubi, ba lamba, daƙiƙa nawa gare shi ya yanke shawara? Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A zancen moto ba haka ba ne: mutum ɗaya ya ja, jaha duka ta jiƙe.

Akwai kuma zancen takardu, wanda mutane ke rainawa sai ranar da ya ci su. Kowane moto yana da lambar shasi a buge jikin ƙarfenshi, ita ce ke cikin takardar duwan da kart-giriz. In mai walda ya bi ta kanta da wuta, ko anka shafe ta da fenti mai kauri, ko ka sauya inji da na wani moto ba tare da wata shaida ba, ranar da jandarma ya duƙa ya duba bai ga abin da ke takarda ba, me za ka ce mai? A lokacin da ake neman sanin ta ina babura ke isa hannun mutanen daji, moto marar lamba ba ya da mai rantsuwa a kanshi. Kuma in anka sace maka shi, da wace alama za ka ce naka ne? Ga mai saye ma, moto da ke nan yadda yake ya fi daraja a kasuwa. Wanda anka yi ma kwalliya, mai hankali ya san an wahal da injin.

Ba mu ce samari su daina ado ba. Mu ma mun yi ƙuruciya, kuma Bakurfaye bai taɓa hawan doki ba tare da ya yi mai kwalliya ba. Sa ma sirdinka fata mai kyau, rubuta sunan mahaifiyarka ko karin magana a bayan moto, ɗaura tunta a hannu in kana so. Wannan ba ya tada kowa daga barci.

Maganarmu ta fi zuwa ga masu gyara, don hannunsu ne ke yin aikin. Malam makanike, yaron da ya kawo maka salansa ka huda, jikka nawa za ya ba ka? Kwatanta da wata ashirin da kunka yi rumfa a rufe daga farkon 2020. Ku kuka fi kowa asara in anka sake hanawa, ku kuma kuka fi kowa ikon cewa a'a. In masu garejin Filinge da na Bankuku da na Shikal sunka haɗa baki cewa ba mai huda salansa, ba mai taɓa lambar shasi, ba mai cire madubi ko matatar iska, yaro ba shi da inda za ya kai. Shugabannin ƴan kabu-kabu su ma suna da tasha, suna da layi. Wanda motonshi ke ruri kada a ba shi layi sai ya gyara. Wannan ba ya bukatar takarda daga Yamai, zama ɗaya ne ƙarƙashin rumfa bayan la'asar.

Mun gayyaci wasu daga cikin masu gyaran su zo shiri na gaba da tsohon fistan na moto da anka cire ma matatar iska, da wani na moto da ba a taɓa ba, mu aza su bisa tebur mu ɗauki hoto mu sa muku nan. Mai ganin hudaddiyar salansa na ƙara gudu shi ma ya zo da nashi moto, za mu ba shi makirofo.