Gyaran Jazira: Kafin a sayo injina, a duba wa ke magana, wa ake saurare

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Wad Madani a watan Janairun 2025, bayan ya shafe fiye da shekara guda a hannun dakarun RSF, maganar da ake ta yi ita ce yadda za a tayar da komaɗar gonar Jazira. Wasu na lissafin kuɗin yashe magudanan ruwa, wasu na lissafin taraktoci da iri da takin da aka wawashe. Duk wannan lissafi daidai ne. To amma mu a namu ganin akwai wani lissafi da ya riga waɗannan, wato rabon aiki: wa ke tsarawa, wa ke aiwatarwa, wa ke fara ganin matsala, kuma idan ya gani wa zai gaya wa? Wannan tambaya ta shafi 'yan uwanmu Hausawa da ke ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu har zuwa Rusairis, ta kuma shafi duk mai shago da ke da yara a ƙarƙashinsa, ko a Gallabat yake ko a Jibiya.

Ga wanda bai san wurin ba, Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Khartoum. An fara noman rani a cikinsa gadan-gadan a 1925, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar. Bayan an ƙara yankin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, faɗin gonar ya haura fadan miliyan 2, kuma fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Manoman da ke riƙe da gonaki a ciki sun haura 100,000. Gona guda ce a ƙarƙashin hukuma guda, mai hedkwata a Barakat.

Turawan Ingila sun gina ta bisa tarayyar mutum uku. Gwamnati ta kawo ruwa, kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya kawo kuɗi da shugabanci da kasuwa, manomi kuma ya kawo ƙarfinsa, ana ba shi kashi 40 cikin 100 na ribar auduga. An yanka filin kamar da reza. Kowane manomi na da gonarsa da ake kira hawasha, kowane yanki na da mufattishi, wato jami'in da ke cewa yau a yi shuka, gobe a yi ban-ruwa. Akwai gafir, mai gadin ruwa, wanda ke buɗe ƙofar magudana da rufe ta. Akwai masu bincike a gonar gwaji ta Wad Madani. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke kwashe auduga zuwa injinan gurza. A 1950 gwamnati ta sallami kamfanin ta kafa hukumar Jazira, amma tsarin umarni daga sama bai sauya ba.

Akwai mutum na huɗu da takardar tarayyar ba ta ambata ba, alhali in babu shi auduga a gona za ta bushe. Shi ne ɗan ƙwadago, kuma da yawa daga cikin na farko mutanen ƙasar Hausa ne da Borno. Wasu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu kuma jama'ar da suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa, kusa da Sinnar, daga nan kuma ƙauyuka suka yi ta bin kogi suna hawa kudu. Waɗanda suka zauna cikin gonar kanta sun zauna ne a bukkokin gefen magudana da ake kira kambo, tare da mutanen da suka zo daga Darfur da Chadi.

Idan za a yi adalci, tsarin ya taɓa nuna abin da haɗin hannu ke haifarwa. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu suka far wa auduga, ɗaya mai baƙanta reshe, ɗaya mai nannaɗe ganye, ga kuma faɗuwar farashi a kasuwar duniya. Manoma da dama suka watsar da hawasha suka tafi, har aka miƙa wasu gonakin ga baƙi 'yan Afirka ta Yamma. Masu bincike suka gano cewa cuta na kwana a karan auduga da aka bari a gona, don haka sai a tumɓuke shi daga saiwa a ƙone, sannan suka fito da irin da ke jure cutar. Mufattishi ya tsaya a kan cewa kowa sai ya bi, domin gona ɗaya da aka bari za ta harbi maƙwabta. Ɗan ƙwadago kuma ya shiga rana ya tumɓuke. Mai nazari da mai tsawatawa da mai juriya, kowanne da halinsa, kuma da an rasa ɗaya daga cikinsu da maganin bai yi aiki ba.

Matsalar ita ce hanyar magana ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa. Dabara in ta fito daga ofis sunanta ci gaba, in ta fito daga gona sunanta karya doka. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ban-ruwa. Injiniyoyi sun tsara cewa ƙananan magudanai su tara ruwa da dare, a shayar da gona da rana manomi na tsaye a kai. Da aka kammala madatsar Rusairis a 1966, ruwa ya ƙaru, aka ƙara alkama da gyaɗa a kan auduga da dawa, sai aiki ya fi ƙarfin yini. Manoma suka koma barin ƙofa a buɗe dare da rana, ruwa na tafiya da kansa, su kuma suna wata hidimar. Hukuma ta daɗe tana kallon wannan a matsayin lalaci. Amma manoman sun san ƙasarsu: baƙar laka ce mai tsagewa, tana shan ruwa ta tsagar, in ta ƙoshi sai ta kumbura ta rufe bakinta. Dabarar na da tushe. Illarta kuma a fili take, domin wanda gonarsa ke bakin magudana yana sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi yana kallon shukarsa na ƙonewa. Da an zauna da su tun farko, da injiniya ya gyara ƙofofin yadda za su dace da sabon salon, gafir kuma ya raba ruwan da adalci. Sai aka bar kowa da nasa, ofis na riƙe da littafi, gona na yin abin da ta ga dama.

Haka nan batun noman raba-daidai. Manoma da yawa sun riƙa ba mutanen kambo wani sashe na hawasha su noma dawa ko gyaɗa ko kayan lambu, in an girbe a raba. Wannan ya riƙe gonaki masu yawa da 'ya'yan masu su suka tafi birni ko ƙasashen Larabawa neman kuɗi. Mutumin kambo ya zama shi ne ya san wace gona ke riƙe ruwa, wace magudana ce ciyawa ta toshe. Amma ba shi da kujera a ƙungiyar manoma, tunda ba sunansa ne a kan hawasha ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta nemi a nuna cewa kakanni na Sudan tun kafin 1898, ta ƙara tura da yawa daga cikinsu gefe. Wanda ya fi kowa kusa da ƙasa shi ne ya fi kowa nisa da teburin shawara.

Sai aka zo 2005 aka yi dokar da ta juya tsarin gaba ɗaya. Aka ce manomi ya shuka abin da yake so, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe ƙananan magudanai. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka sallami dubban ma'aikata, aka rabu da jirgin ƙasan da injinan gurza. An gudu daga yawan umarni an faɗa rashin mai umarni. Wannan ya shuka auduga, maƙwabcinsa ya shuka abin da ke son ruwa a wani lokaci dabam, magudana ɗaya ce, kuma babu mai tsara kwanaki. Laka da ciyawa suka cike hanyoyin ruwa, masu hali suka sayi injin ban-ruwa suna zuƙa, marasa hali suka zura ido. A 2014 aka dawo ana yi wa dokar gyara. Ashe mai gadin ruwan nan da ake rainawa, wanda aikinsa maimaici ne kullum, shi ne ke sa dabarar kowa ta yi amfani.

Wanda ke son ganin kishiyar wannan sai ya dubi motar da ta daɗe tana kai kaya kasuwannin Sudan, wato Bedford ɗin da direbobi ke kira Sifinja, sunan silifas ɗin soso, saboda laushin tafiyarta. A Ingila aka ƙera ta, ta shigo Sudan a ƙarshen shekarun 1960, kuma kamfanin ya daɗe da daina yin ta. Maƙera da masu walda a garuruwa irin su Shandi da Ubayyid ne suka riƙa warware ta su sake ɗinkewa: a ƙarfafa ƙashin motar, a ƙara sifirin, a faɗaɗa tankin mai, a yi mata bodin ƙarfe, har ta ɗauki kayan da ya zarce abin da masu ita na asali suka tsara. Wani Bajamushe mai nazarin al'adu, Kurt Beck, ya bi diddigin wannan sana'a, kuma a 2009 Valerie Hänsch ta yi fim a kanta. Babu ofishin bincike a garejin nan. Direba ne ke dawowa daga rairayi ya ce ga inda ta karye. Yaron mota, wanda ke kwana ƙarƙashinta, ya san ƙarar da ta sauya. Mai mota na matsa lamba a kan nauyin kaya da kuɗin mai. Maƙeri kuma, mai taurin kai da tsoron abin kunya, shi ke cewa wannan zai yiwu, wannan zai kashe mutane. Suna musu, wani lokaci har da ɗaga murya, amma a inuwa ɗaya suke zaune, kuma maganar yaro na isa kunnen usta a ranar da ya faɗe ta.

Mai karatu da ke kasuwar kan iyaka ya san wannan tsari ko da bai taɓa ba shi suna ba. Fatoma ne ke riƙe amana da masauki, dillali ke da baki da sanin farashi, mai awo ke da ido, ɗan dako ya san buhun da aka yi wa algus tun daga nauyinsa, direba ya san hanyar da ta mutu da wadda ke raye. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, a shaguna da yawa yaron da ake yi wa faɗa kan yawan latsa waya shi ne ya koya wa maigida karɓar kuɗi ta taransifa. A Sudan ma, da yaƙi ya rufe bankuna bayan Afrilun 2023, manhajar Bankak ce ta riƙe ciniki a wurare da dama. To amma kada a ɗauka cewa yaro ne kaɗai gwani. Dattijon da ya ce ba za a saki kaya ba sai an ga kuɗi sun shiga asusu, ba hoton rasit kawai ba, shi ma ya ceci dukiya. Mai saurin karɓar sabon abu da mai jan birki, shago na buƙatar su biyun.

Abin da ya sa muke ganin maganar ta zama ta gaggawa a Rusairis shi ne kogin kansa ya sauya hali. A 2013 aka kammala ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, tafkin ya faɗaɗa, aka tashi dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa. Can sama kuma, kusa da iyaka, Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, ta ƙaddamar da ita a Satumbar 2025, mai ɗaukar ruwa har cubic mita biliyan 74. Ma'anar wannan ita ce ambaliyar damina za ta ragu, ruwan rani zai ƙaru, lakar da kogi ke kawowa daga tsaunukan Habasha kuma mafi yawanta za ta tsaya a can. Ga magudanan Jazira wannan sauƙi ne, tunda laka ce ke toshe su. Ga mai noman gaɓar kogi, wanda Sudanawa ke kira jarf, wanda ke jiran ruwa ya janye ya bar masa sabuwar ƙasa ya dasa albasa da tumatir, lissafin da ya gada daga kakanni ya rikice. Haka masunci, haka mai buga jan bulo. Hausawa na da yawa a cikin su da noman gaɓa a wannan yanki. Injiniya na da alƙaluman ruwan da aka saki daga madatsa, amma wanda ke cikin kwalekwale da asuba shi ke fara ganin inda kifi ya koma, wanda ke gaɓa shi ke fara sanin ko ƙasa ta fara neman taki.

Zama a inuwa ɗaya kuwa ya yi wuya a wannan yanki. Ba a manta da rikicin Yulin 2022 ba, wanda ya taso bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya a jihar aka ƙi, aka zubar da jini a Rusairis da kewaye, sannan a watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. A Jazira ma, bayan sauyin iko na Janairun 2025, an kai wa wasu mazauna kambo hare-hare bisa zargin sun mara wa RSF baya. Duk wanda ya tsorata ba ya kawo shawara, ko ya ga magudana na shirin ɓallewa sai ya kama bakinsa.

Don haka idan aka zo kafa kwamitocin ruwa da na farfaɗo da gonar, abin da ya kamata shugabannin Hausawa na Mai Wurno da Sinja da Rusairis su nema a rubuce shi ne kujera ga mai noman raba-daidai da masunci da mai noman gaɓa, kusa da ta injiniya da ta mai hawasha, tare da mayar da gafir bakin ƙofarsa da albashin da zai riƙe shi. 'Yan kasuwar da ke sayen albasa da busasshen kifi da riɗi daga wannan yanki su ma suna da bakin magana, domin su ne ke ba da bashin iri da raga, kuma su ne za su fara jin zafi a aljihu idan kakar bana ta zo babu kaya.